Ɗakin Amarya Ne Ke Zaɓa Maka Kyamara

A kakar bara, da aka gama cashe masara aka kai waken soya kasuwa, ɗan yayata ya ware kuɗin gonarsa ya ce shi fa kyamara zai saya. Mahaifinsa ya so ya ɗaure ɗan maraƙi, ko ya ajiye na takin baɗi, amma yaron ya kafe. Hujjarsa kuwa ba ta banza ba ce. Daga Tsiga zuwa Bakori, har ka dangana da Funtua ko ka karkata Malumfashi, da zarar amfanin gona ya shigo gida sai bukukuwa su ɓarke: ga ɗaurin aure, ga suna, ga walimar sauka, kuma kowa na son hoto. Mai hoto na kirki sai an ɗauko shi daga birni, a biya masa kuɗin mota, kuma da la'asar sakaliya hankalinsa ya koma kan hanya, don a 'yan shekarun nan ba mai son dare ya riske shi tsakanin ƙauyukan nan. Ke nan akwai gurbi ga ɗan gari wanda zai kwana a gida.

Ya yi sammako ya nufi Kano, ya dawo da Canon 600D ta hannu da gilashin gaba guda biyu, abin da masu sana'ar ke kira lans. Ɗaya shi ne ɗan gajeren nan mai lamba 18-55 da ke zuwa tare da kyamara. Ɗayan kuwa dogo ne kamar kakaki, mai lamba 75-300, kuma shi ne abin alfaharinsa.

"Kawu, ka ga wannan? Daga ƙofar gida zan iya jawo mutum yana bakin masallacin Juma'a."

Na ce masa, "Madalla. To wa ya ce maka a bakin masallaci amarya za ta zauna?"

Aikinsa na farko bikin 'yar goggonsa ne. Hotunan ɗaurin aure da aka yi da hantsi a ƙofar gida ba su da laifi. Da aka kai amarya bayan magariba ne abin ya watse. Ɗaki cike da jere, ƙawaye sun toshe ƙofa, ƙwan sola guda ɗaya yana lilo a tsakiyar rufi. Hotunan da ya ɗauka ba filasha sun fito dishi-dishi, hannuwa kamar hayaƙi, fuskoki a ja. Waɗanda ya ɗaga musu 'yar filashar kan kyamara kuwa, hodar amarya ta koma fari fat, goshi na ƙyalli, bayanta baƙi ƙirin. Goggo ta karɓi kyamarar ta dube ta da kyau, ta ce, "Wannan 'yata ce, ko fatalwa ka ɗauko mana?" Dogon gilashin nan, ko fitowa daga jaka bai yi ba a daren.

Kyamararsa lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne ya yi sayayya don fili da rana, alhali kuɗin sana'ar a ƙasarmu yana cikin ɗaki, kuma akasari bayan rana ta faɗi. Yawancin masu fara sana'ar nan haka suke faɗawa: tambayarsu ta farko Canon ko Nikon, ta biyu megafiksel nawa. Ba mai tambayar faɗin ɗakin da zai yi aiki a ciki, ko irin fitilar da ke cikinsa.

Ƙofar haske

Duk wanda ya taɓa kishingiɗa a ɗakin kwano da tsakar rana ya ga ɗigon hasken da ramin ƙusa ke saukarwa a ƙasa. Kewayayye yake fitowa ko da ramin a karkace yake, domin hoton rana ce kanta. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya yi bayanin wannan shekara dubu da suka wuce, kuma ita kalmar kamara a Latin ɗaki take nufi. Har yau abin bai sauya ba. Kyamara ɗaki ne mai duhu, gilashi shi ne ƙofarsa, sai wani ɗan faranti a bangon ciki da ake kira sensa, inda haske ke sauka.

Faɗin ƙofar nan shi ake rubutawa da harafin f, kuma lissafin a juye yake: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Matakan su ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, kuma duk matakin da ka hau, ka rage rabin haske. Ɗan gilashin 18-55 an rubuta masa 3.5-5.6, ma'ana idan ka jawo fuska kusa, a kan 55, ƙofarsa ba ta wuce 5.6. Gilashi mai f/1.8 kuwa yana shigo da haske kusan ninki goma na wannan.

Ga abin da ninki goma ke nufi a ɗakin amarya. Idan ƙofa ta yi ƙanƙanta, sai kyamara ta bar ta a buɗe ta daɗe don ta tara haske, a ce kashi ɗaya cikin 15 na daƙiƙa. A wannan ɗan lokacin amarya ta sunkuyar da kai, ƙawarta ta yi dariya, hannun mai hoto ya motsa, duk kuma sun shiga hoton. Da f/1.8, a ƙarƙashin wannan ƙwan dai, ƙiftawar za ta koma wajen ɗaya cikin 150, wanda ya isa ya tsayar da mutumin da ke zaune yana hira. Wasu gilasan suna da na'urar rage rawar hannu, amma hannun mai hoto take riƙewa, ba ta riƙe wuyan amarya.

Bayan faɗin ƙofa da tsawon ƙiftawa, hanya ta uku ita ce ISO, wato a ƙara wa sensa ƙarfin jin haske. Ana biyan kuɗinsa da tsaki-tsaki a jikin hoto. Sabon shiga yana tsoron tsakin nan fiye da kima, sai ya tsaya a kan 400 ya yi ta kwasar hotuna masu rawa. A kai shi 1600, in ta kama 3200. Hoto mai ɗan tsaki da idanu tar ana sa shi a firam, mai rawa kuwa sai gogewa.

Abin daɗin shi ne gilashin da ke da babbar ƙofar nan yana cikin mafi araha da kamfanonin ke yi. Shi ne 50mm f/1.8, wanda ba ya zuƙowa ba ya turawa, ƙafarka ce za ta yi tafiyar. Canon ta fitar da tsohon samfurinsa mai jikin roba a 1990, ta sabunta shi da mai lakabin STM a 2015. Nikon ta fitar da nata mai harafin G a 2011. Akwai kuma na kamfanin Yongnuo na ƙasar Sin da ya fi su sauƙi, sai dai saitinsa na da ƙara, kuma yakan yi lalube a duhu. Da yaron nan ya bar kakakinsa a kanti ya ɗauko wannan, da har canji sai an ba shi.

Akwai wani abu da f/1.8 ke yi wanda ke sa masu biki su ce hoto ya yi kamar na fim: bayan mutum ya narke, igiyar shanya da bokiti da akuyar maƙwabta duk su zama inuwa mai laushi. Amma wuƙa ce mai kaifi biyu. Idan ka tsaya mita ɗaya da rabi daga fuska, iyakar abin da zai fito tar bai wuce santimita 6 ba, bai kai faɗin tafin hannu ba. Saiti ya kuskure ya sauka a kan ɗankunne ko bakin mayafi, ido ya tafi. Shi ya sa ake ɗora ɗigon saiti a kan idon da ya fi kusa da kai. In kuwa mutum biyar ne suka jeru sahu biyu, a rufe ƙofa zuwa 4 ko 5.6 a nemo haske ta wata hanya, in ba haka ba uwar amarya da ke baya za ta dusashe, kuma ba za ta yafe ba.

Sha biyu sha biyu

A nan ne shawarar da ake ji a bidiyoyin Turai da Amurka ke cin karo da ginin ƙasarmu. Su cewa suke yi kowa ya fara da 50mm, in ya samu hali ya ƙara da 85mm. Gaskiya ne ga mai babban falo ko lambu. Mu kuwa ɗakin amarya ƙafa goma sha biyu ne ta kowane gefe, wajen mita uku da rabi, kuma kafin mai hoto ya shigo, gado da kabet da kujeru da akwatuna sun cinye fiye da rabi.

Kyamarorin da sabon shiga ke iya saye suna da ƙaramar sensa, wajen milimita 22 zuwa 24 a tsawo, maimakon 36 na manyan. Ƙaramar sensa tsakiyar abin da gilashi ya gani kawai take ɗauka, don haka 50mm a kan Canon 600D sai ya zama kamar 80mm, a kan Nikon kamar 75mm. Ga fuska da kafaɗu, wannan shi ne daidai wa daida. Amma in ana son amarya a tsaye tun daga ɗaurin kai har takalmi, kuma ita abin da take so ke nan tunda leshin da ɗinkin ba kyauta aka ba ta ba, sai ka ja baya fiye da mita huɗu. Bango zai tare ka tun ba ka kai rabi ba.

Saboda haka, wanda bai riga ya sayi komai ba, ni abin da nake ce masa shi ne ya nemi ƙaramar Nikon ta hannu, irin D3300 ko D5300, ya haɗa ta da 35mm f/1.8G, wanda aka fitar a 2009 musamman don ƙananan sensa. Da shi mita uku ta ishe ka ɗaukar mutum a tsaye, kuma ƙofarsa a buɗe take. Wanda ya riga ya shiga gidan Canon, ya riƙe 50mm don fuska, ya nemi ɗan siririn nan 24mm f/2.8 na 2014 don cikin ɗaki, inda mita biyu da 'yan kai sun wadatar. Mai son gilashi ɗaya ya raba gardama kuma akwai 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron, wanda ƙofarsa ba ta tsukewa in an zuƙo, ninki huɗu ke nan na hasken ɗan 18-55 a ƙarshensa.

Kafin a kashe ko sisi, akwai gwajin da ba ya cin kuɗi. A murɗa 18-55 ɗin a tsayar da shi a kan 24, a naɗe shi da salatif, a yi kwana uku ana ɗaukar 'yan gida a ɗakunansu. A mayar da shi 35, sannan 50. Inda ka ji ba ka gogar bango da gadon baya, nan ne lambarka.

Sai dai a kiyaye abu ɗaya: kada ƙuncin ɗaki ya sa a kai kyamara dab da fuska. Abin da ke kumbura hanci ya tura kunnuwa baya kusanci ne, shi ne ciwon hotunan da mutane ke yi wa kansu da waya. A bar tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ko da daga baya za a datse gefen hoton.

Ita gangar jikin kyamarar fa?

Ba sai an daɗe a nan ba. Megafiksel dai a manta da shi. Canon 600D ta 2011 tana da 18, Nikon D3300 ta 2014 tana da 24, alhali hoton inci 5 da 7 da ake wankewa bai cinye 4 ba, wanda za a tura ta WhatsApp kuwa matse shi za a yi ya koma ƙasa da haka. Wayar da aka rubuta wa 50 ko 108 ba ta kamo su a duhu ba, domin faɗin farantin ne abin dubawa, kuma nasu ya ninka na akasarin wayoyi sau goma ko fiye.

Tun da Sony ta fito da a7 a 2013, Canon da Nikon suka bi sahu da jerin R da Z a 2018, duniyar sana'ar ta koma kan kyamarori marasa madubi a ciki. Suna da abin so: suna neman idon mutum da kansu, kuma kana ganin yadda hoto zai fito tun kafin ka danna. Amma wannan ƙaurar ce ta sa masu madubi suka cika kasuwar gwanjo, daga Computer Village ta Ikeja har titin Beirut na Kano, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Ga kuma maganar batir, wadda a Tsiga ba ƙaramar magana ba ce. A ma'aunin kamfanoni, Nikon D3500 na yin hoto 1,550 da caji ɗaya, Sony a6000 kuwa wajen 360. Wanda sai ya kai batir shagon mai caji ya san bambancin.

Masu babbar sensa, irin Canon 6D ta 2012 ko Nikon D750 ta 2014, sun fi haƙuri da duhu, ba musu. Sai dai tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, wutsiyar raƙumi ta ƙara nisa da ƙasa. In kuɗinka na iya sayen babban jiki da gilashi mai ƙaramar ƙofa, ko ƙaramin jiki da gilashi mai kyau da filasha da batir biyu, ɗauki na biyun ba tare da waiwaye ba. A kuma leƙa a ga irin wadda masu hoton Funtua da Zariya ke ratayawa, don ranar da batir ya mutu ana tsakiyar kamu, wurinsu za a je aro.

Akwai ramuka uku da ake yawan faɗawa. Nikon na da tsohon 50mm f/1.8 mai harafin D, mai araha ƙwarai, amma ba shi da injin saiti a cikinsa, su kuma jerin D3000 da D5000 ba su da shi a jiki, don haka da hannu za ka yi ta murɗawa a duhu. Canon M50 kyakkyawa ce, amma kamfanin ya rufe babin jerin M a 2023, kuma gilasansa ba sa hawa sababbin R. Sannan da yawa daga cikin Canon 2000D da 4000D an yi su ba tare da babban ɗigon ƙarfen tsakiya ba a mazaunin filasha, wanda shi ne ke tayar da filasha mai araha. A leƙa saman kyamarar a gani da ido.

Ranar saye kuwa zuwa da kai ya fi aike. A nemi a ga adadin ƙiftawar da kyamarar ta yi, don ƙananan nan an ƙiyasta musu wajen 100,000. A cire gilashi a haska shi da tocilan waya ta baya: in an ga zare-zare kamar saƙar gizo a ciki, fumfuna ce, a ajiye. A ɗauki farin bango a kan f/16 a ga ɗigon ƙurar da ke kan sensa. Sannan a juya ta kusurwar da ta fi duhu a shagon a ga ko za ta kama saiti. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Farar shadda, baƙar fuska

Na'urar auna hasken da ke cikin kyamara ba ta san mutum ba. Duk abin da ta gani so take ta mayar da shi tsaka-tsaki, ba fari ba baƙi ba. Ango ya sha farar shadda, babbar riga ta cika hoto, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage, fuskarsa ta nutse sai haƙora. Maganin shi ne maɓallin nan mai alamar ƙari da ragi: a ƙara mataki ɗaya ko kusa da haka, a duba aikin wuyan rigar bai ƙone ba. Wanda ya koyi ɗauka a tsarin ajiye hoto na RAW zai samu sararin gyara daga baya fiye da mai JPEG.

Matsalar tsohuwa ce. Shekara da shekaru ɗakunan wankin hoto suna daidaita launi da wani katin gwaji na Kodak mai ɗauke da hoton baturiya, wanda ake kira Shirley. Mai bincike Lorna Roth ta Kanada ta nuna cewa cikin abubuwan da suka sa aka gyara fim don ya bambance launukan ruwan ƙasa har da ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Kamfanin Transsion mai yin Tecno da Infinix da itel ya gane wannan gurbin, ya daidaita kyamarorin wayoyinsa da baƙar fata, kuma yana cikin abin da ya sa suka mamaye aljihun mutanenmu.

A nan zan ɗan ratse. Yanzu cinikin ya juye: amarya ce da kanta za ta ce, "Malam, a ƙara mini haske." Sai a wanke yarinya baƙa kyakkyawa a kwamfuta har dangin miji su kasa gane ta. Ba na ganin laifin mai hoton da ke neman abinci, amma na lura yawancin masu roƙon nan ba su taɓa ganin fatarsu a haske mai kyau ba ne. Baƙar fata da sheƙi take nuna siffarta. Tana son haske mai faɗi da ya zo ta gefe ya kwanta a kan kunci da goshi. Filashar da ta daki fuska kai tsaye kuwa maiƙo kawai take fitarwa.

Irin wannan hasken mai faɗi kowane gida a Tsiga yana da shi, kyauta. Zaure ne. Ka zaunar da mutum taki ɗaya ko biyu daga bakin ƙofa ta ciki, ya ɗan juyo wajen hasken, duhun zauren ya zame masa bango. Yaro ya riƙe farin zane ta ɗaya gefen don ya mayar da ɗan haske kan inuwa. In babu zane, kwali da aka manna wa takardar azurfa ya isa. Haske na raguwa da sauri in an yi nisa da ƙofa: ninka tazara, ya koma rubu'i, don haka taki ɗaya na iya sauya hoto gaba ɗaya.

Seydou Keïta na Bamako, wanda hotunansa ke rataye a manyan gidajen tarihi na duniya yanzu, kafinta ne da kawunsa ya ba shi 'yar Kodak Brownie a 1935. Ya buɗe shagonsa a 1948, kuma yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken rana, labulensa na farko kuwa zanen gadonsa ne. Saboda tsadar fim, akasari sau ɗaya yake danna wa mutum. Duk ƙoƙarin yana ƙarewa ne kafin dannawar: inda za a ajiye hannu, yadda zane zai kwanta, inda haɓa za ta kalla.

A waje kuma lokacin zinariya shi ne tsakanin la'asar da magariba. Sai dai mu nan kusa da tsakiyar duniya muke, rana ba ta jan ƙafa: daga faɗuwarta zuwa rufawar duhu minti ashirin ne da 'yan kai, kuma a cikinsu za a yi salla. Da hunturu kuwa hazo kan zame wa rana mayafi, sai a samu haske mai laushi tun da hantsi.

Bayan isha'i

Akwai duhun da f/1.8 ma ba ya iya masa, kuma nan ne filasha ke shigowa. Ba abin kunya ba ce. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, da filasha ya yi suna, yana bin gidajen rawar matasa a shekarun 1960 dare ɗaya wuri da yawa, ya koma ya wanke kafin gari ya waye, a zo a zaɓa. A 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya ta aikin tsawon rayuwa a baje kolin Venice, mai hoto na farko da ya samu ta. Philippe Koudjina ya yi irin wannan aikin a Yamai.

Abin da ake bukata shi ne filasha ta daban mai kan da ke juyawa, irin Godox TT600 ko Yongnuo YN560, masu cin batir huɗu irin na tocila. A ɗaga kanta sama ko a juya shi ga bango, haske ya daki fari ya dawo a baje, ɗakin gaba ɗaya ya zama fitila. A ɗakin da aka yi wa farin silin abin kamar sihiri. A ɗakin soro mai rufin azara, ko na kwano tsirara, haske zai tafi bai dawo ba, ko ya dawo da launin ƙasa. A nan sai a nemi bango mai farin fenti, ko a sa wani ya ɗaga farin mayafi a harba a kansa. Fitilar caji ma, in aka sa mata farin ƙyalle a gaba aka riƙe ta ta gefe sama da kai kaɗan, tana fitar da kunya.

Fitilunmu kuma kowace da launinta. Ƙwan sola na araha shuɗi-shuɗi ne, fitilar ƙwai da wutar itace ja ne, kuma in suka haɗu a fuska ɗaya babu gyaran da zai daidaita su. A kashe ɗaya. Wutar lantarkinmu tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, ƙananan ƙwayaye na ƙyaftawa tare da ita, na janareto ma ya fi rashin tsayawa. In aka ga ratsi-ratsi a hoto ko wani ya yi haske wani ya yi duhu, a mayar da ƙiftawa ɗaya cikin 100 ko cikin 50.

Makarantar koyon duhu kuwa tana bakin titi kowane dare: teburin mai shayi, tukubar mai tsire, wutar da almajirai ke kewayewa da alluna. A yi sallama, a nemi izini, a nuna wa mutum hotonsa. A wannan zamani na ɗar-ɗar, baƙon da ya ɗaga kyamara da dare bai yi magana ba, shi ya jawo wa kansa.

Ƙura da raɓa su ne sauran abokan gaba. Da hunturu kada a sauya gilashi a fili, a shiga ɗaki, a kifa bakin kyamara ƙasa. Kada a goge gilashi da bakin riga, yashin da ke jiki zai karce shi; a fara hurawa da 'yar robar hura iska. Da damina kada a bar kaya cikin jaka a ƙarƙashin gado. Bokitin roba mai murfi da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi sun wadatar.

Ɗan yayata ya koma Kano ya yi musayar kakakinsa da 50mm, ya cika kuɗi ya ɗauko filasha. Wadda ya fara gwadawa a kanta kakarsa ce, mahaifiyata, da ya lallaɓa ta zauna a bakin zaure bayan la'asar.

"Kai maigida, me za ka yi da hoton tsohuwa? Ko kishiya za ka nuna wa?"

"Hajiya, ke dai ki kalli wajen bishiyar can."

Hoton ya fito da komai: zanen fuskarta da ya fara shafewa, jan goro a leɓe, carbi a tsakanin yatsu, bayanta duhu mai laushi. Ta daɗe tana kallo ba ta ce uffan ba, sannan ta ce a wanke mata biyu.

Amma akwai ƙofar da gilashi ba ya buɗe masa. A gidaje da yawa a nan, namiji baligi ba ya wuce zaure, kuma sa lalle da kamu da buɗar kai duk a ciki ake yin su. In ma an bar shi ya shiga, sai mayafai su hau kai, dariya ta ɗauke. Mata masu kyamara ba baƙon abu ba ne a Arewa yanzu; Fati Abubakar ta Maiduguri, wadda aikin jinya ta karanta, ta fara nuna wa duniya rayuwar yau da kullum ta Borno a Instagram tun 2015. A bikin da aka yi bayan ƙaramar salla, ƙanwarsa mai shekara goma sha bakwai ce ta karɓi kyamarar. Ya saita mata ISO a 1600, ya nuna mata ɗigon da za ta ɗora a kan ido, ya ce ta kashe ƙwan sola ta zaunar da amarya kusa da taga. Shi ya zauna a dakalin ƙofar gida da batir na biyu a aljihu, yana jin guɗa daga ciki. Da ta fito bayan awa biyu ba ta miƙa masa kyamarar ba. Cewa ta yi matan gidan maƙwabta sun tambaye ta ko tana da lokaci ranar Asabar, kuma tana so ta ji nawa ne rabonta.